Daga kwalbar fitsari zuwa takardar sakamako: yadda muke gano ƙwayar cuta da maganinta a labo

Gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da ɗigon jinin ɗan yatsa ba ya wuce minti 20. Na sukari kuwa, kafin mutum ya gama danne audugar an faɗa masa lambarsa. Wannan ya sa mutanenmu suka ɗauki labo wurin sha-yanzu-magani-yanzu, kuma duk ranar da na karɓi kwalbar fitsari na ce wa mai ita sai jibi ko gata, nakan ga fuskarsa ta sauya. Wasu na zaton jan rai ne, wasu na zaton wani abu muke jira a miƙo mana. Ina aiki a sashen ƙwayoyin cuta na wani labo a nan Damagaram, kuma abin yana damuna, domin mutum yakan biya kuɗin gwajin da gumin goshinsa, sannan ya ƙi dawowa karɓar sakamako saboda ya ga kamar an yi watsi da shi. Shi ya sa zan faɗi hanyar da kwalba guda ta bi a hannuna, tun daga taga har ɗakin likita.

Ta wani dattijo ce da ɗansa ya kawo daga wani ƙauye a yankin Mirya. Zafin fitsari, zazzaɓi mai karkarwa, ciwo a kwiɓi, ga fitsarin ba ya fita sai da yunƙuri saboda kumburin furostat, ƙullutun nan na maza da ke ƙasan mafitsara. Likita ya kwantar da shi, ya rubuta a shuka fitsarinsa, wato a reni ƙwayoyin da ke cikinsa a labo don a gane su, kafin a fara masa allura. Ɗan ya zo taga da robar lemo, ya cika ta rabi.

Na ce, “Alhaji, yi haƙuri, wannan ba za ta yi ba. Yaushe aka tara shi?”

Ya ce, “Tun daren jiya, likita. Da hannuna na tara, nasa ne ba na wani ba.”

Na ce masa ban yi shakkar nasa ba ne. Matsalar ita ce ƙwayar da ta fi kawo wannan ciwo, idan ta samu ɗumi da abinci, tana iya rabuwa biyu kowane minti 20. Fitsarin da ya kwana a zafin garin nan cikin robar da ba a tsarkake ba, ko na mai lafiya ne, kafin gari ya waye ya cika da ƙwayoyi, kuma ba yadda za a yi in bambance wadda ta fito daga mafitsara da wadda ta fito daga bakin roba ko hannu. Na ba shi kwalbarmu mai murfi da ba a taɓa buɗewa ba, muka tafi tare wurin tsohon. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, za a wanke gaba da ruwa da sabulu, ka bar na farko ya zuba, na tsakiya za a tara, kada yatsa ya shiga cikin kwalbar.” Ya ce, “To ɗana, yadda kuka ce.” Ƙa'ida ita ce fitsarin ya iso mana cikin awa 2, in ba haka ba a sa shi a firigo, inda zai iya kwana guda.

Akwai tambayar da ba na tsallakewa: me ya sha kafin ya zo? Ɗan ya sa hannu aljihu ya zazzago mini fankon katunan magani. Amoksisilin, Bactrim, sai sifrofuloksasin, duk daga wurin masu tallan magani a tire ranar kasuwa, wannan kwana biyu, wancan kwana uku, da an ga babu sauƙi sai a koma wani. Ban yi masa faɗa ba. Mutumin da ke ƙauye, mahaifinsa na kuka da dare, abin da ke kusa da shi zai kama. Amma na rubuta su duka a jikin takarda, domin maganin da aka sha yakan danne ƙwaya ta ƙi tsirowa a wurinmu alhali tana nan a jiki, mu rubuta ba mu ga komai ba, mai ciwo kuma yana ci gaba da shan wuya.

Da kwalbar ta iso tebur, na fara da ido. Fitsarin ya yi duhu-duhu, ba a hango yatsa ta bayansa. Kafin in taɓa shi da wani abu sai na shuka shi, don kada in gurɓata shi da kaina. Abincin da muke shuka ƙwayoyi a kai gari ne da ake sayowa, mu auna, mu dama da tataccen ruwa, mu dafa a tukunyar tururi mai matsi a zafin digiri 121 na minti 15, sannan mu zuba a ƙananan faranti masu murfi ya daskare kamar kunun da ya kwana. Na fitsari ana ce masa CLED, launinsa shuɗi-kore. Da wani siririn tsinke mai zobe a baki ake ɗiba, zoben kuma an auna shi, yana ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari na mililita, ba ƙari ba ragi. Na ja layi a tsakiyar faranti, na baza shi hagu da dama har ƙasa, kusa da harshen wuta, na rufe, na rubuta lamba a gindin farantin ba a murfi ba, domin murfi na iya musanyuwa. Lokacin hunturu wannan aiki ya fi wuya. Ƙurar buji na shigowa ta kowace kafa, kuma ƙwayar ƙura guda da ta sauka a faranti gobe za ta zama tsiro.

Daga nan na koma madubin hangen ƙwayoyi. Ɗigo guda a ɗan gilashi mai zanen gidaje, na ƙirga fararen ƙwayoyin jini. Idan sun kai 10,000 a mililita, alama ce jiki na faɗa da wani abu. Na Baba ba su ƙirguwa, sun cika fili. A irin wannan dubawa ne mukan ci karo da ƙwan tsargiya mai ƙaya a gindi, musamman a fitsarin yaran da ke wanka a tafki, amma nasa babu.

Sai rinin Gram, wanda wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, kuma har yau ba a samu abin da ya ture shi ba. A shafa ɗigon a gilashi, a bari ya bushe, a gifta shi ta kan wuta don ya manne. A zuba shuɗin rini na minti guda, a wanke, a zuba ruwan aidin na minti guda, a wanke, sannan a zuba alkol na 'yan daƙiƙu. Nan ne hannu ke nuna gwaninta, domin in alkol ya daɗe zai wanke har wanda bai kamata ba, in bai isa ba kowa zai fito da launi ɗaya. A ƙarshe a zuba jan rini. Ƙwayar da bangon jikinta ke da kauri takan riƙe rinin farko, mai siririn bango kuwa takan sake shi ta ɗauki ja. Na ɗiga mai a gilashin, na sauko da babban ido na madubin, sai ga su: 'yan gajerun sanduna jajaye-jajaye, birjik, a tsakanin ƙwayoyin mugunya, duk iri ɗaya. Na kira likita na faɗa masa. Wannan bai ba shi suna ba, amma ya rage masa rabin hanya, kuma da ma tun da aka ɗauki fitsarin ya fara wa tsohon allurar seftiriyakzon. Ya kamata mutane su san wannan: jiran sakamako ba ya nufin a bar mara lafiya haka nan. Likita na fara magani bisa abin da ya fi zato, mu kuma mu zo mu tabbatar masa ko mu gyara masa.

Farantin ya shiga akwatin ɗumi, wanda ke riƙe zafi kusa da na jikin mutum, zai kwana a ciki awa 18 zuwa 24. Ba abin da zan iya yi in gaggauta shi. Ƙwaya guda ba ta ganuwa, sai ta hayayyafa ta zama miliyoyi a wuri ɗaya kafin ido ya ga ɗan tudu. Wannan daren shi ne farkon jinkirin da ake kuka da shi. A Damagaram kuma akwai abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa ambata. Akwatin nan ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin gari na wuce 40. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɗakin kansa ya fi akwatin zafi. In wuta ta ɗauke da dare, hankalinmu na kan injin wuta da kan firigo, domin a ciki kayan aikin gobe suke.

Da safe na buɗe. Farantin ya rikiɗe ya zama rawaya, cike da 'yan tuddai masu santsi, girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Rawayar na nuna ƙwayar na cin sukarin madara da ke cikin abincin tana fitar da tsami. Da irin zoben da na yi amfani da shi, tudu guda na nufin ƙwaya 100 a mililita, tudu dubu na nufin 100,000, kuma nasa sun wuce nan. Da na ga iri uku ko huɗu a cakuɗe, da na ce a sake kawo wani fitsarin, don wannan alamar gurɓata ce wajen tarawa.

Ido da hanci sun riga sun raɗa mini suna, amma majonmu, wato shugabar sashenmu, wata dattijuwa da ta daɗe a wannan aiki, muna ce mata Hajiya, ba ta yarda a rubuta zato a takarda. Takan ce, “Ɗana, ka tambaye ta tukuna, ita za ta faɗa maka ko wace ce.” Tambayar kuwa da abinci ake yin ta. Na ɗauki tudu guda na goga a takardar oksidaz, ba ta sauya launi ba, ke nan ba ƙwayar da ake kira Pseudomonas ba ce. Na shuka ta a 'yan kwalabe dogaye: mai sukari iri biyu da sinadarin ƙarfe, mai sitirat, mai yuriya, da mai nuna ko tana motsi. Akwai wani faifan roba mai gidaje 20, API 20E, da ke yin duk waɗannan tambayoyi a jere ya ba da lamba mai alƙaluma 7 a duba a littafi, amma yana da tsada, muna ajiye shi don ƙwayar da ta rikita mu. Manyan labo na wasu ƙasashe suna da injin da ke faɗin sunan cikin 'yan mintoci daga tudu guda. Ko su ma sai tudun ya tsiro tukuna.

Ba na jiran suna ya tabbata kafin in fara gwajin magani, tunda na san dangin da take ciki. A ranar nan na haɗa antibiyogaram, wato gwajin da ke nuna maganin da ke tasiri a kan ƙwayar, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Hanyar da muke bi ita ce ta Kirby da Bauer da abokan aikinsu, wadda aka daidaita a Amurka a 1966, ma'aunan karantawa kuma na kwamitin ƙungiyar masana ƙwayoyin cuta ta Faransa ne, waɗanda yanzu suka yi daidai da na Turai. Komai a cikinta aunanne ne. Abincin daban ne, Mueller-Hinton, kaurinsa a faranti milimita 4. In ya fi haka kauri, magani zai yi kamar ba ya aiki, in ya fi haka sirantaka, maganin da ba ya aiki zai yi kamar yana yi. Na ɗebi 'yan tuddai na dama a ruwan gishiri har duhunsa ya yi daidai da kwalbar awo ta 0.5 McFarland, wato wajen ƙwaya miliyan 150 a mililita. Na tsoma auduga mai tsinke, na matse ta a jikin kwalba, na shafe farantin kaf ta fuska uku ina juya shi, yadda gobe ƙwayar za ta rufe shi ba tare da gibi ba.

Sannan faya-fayan magani. Kowanne ɗan farin takarda ne mai faɗin milimita 6, an jiƙa shi da aunannen magani, an buga masa harufa. A firigo suke zama, kuma sai an fito da su sun huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kama su ta lalata maganin, musamman imipenem da wanda ke da sinadarin asid kilabulanik, wanda zan faɗi aikinsa a gaba. Faranti mai faɗin milimita 90 ba ya ɗaukar fiye da 6, saboda haka na yi amfani da faranti fiye da ɗaya. A ɗaya na sa amoksisilin mai kilabulanik a tsakiya, na kewaye shi da sefotaksim, seftazidim, sefefim da aztireyonam, kowanne da tazarar da aka ƙayyade. Akwai ƙa'idar minti 15 sau uku: a shafa cikin minti 15 da dama ƙwayar, a ɗora faya-fayan cikin minti 15 da shafawa, a sa a akwati cikin minti 15 da ɗorawa. Akwatin a zafin 35, awa 18. Wannan shi ne dare na biyu.

Kashegari kwalaben suka amsa. Ta ci sukarin duka biyu ta fitar da iska, ba ta baƙanta ƙarfen ba, ba ta ci sitirat ba, ba ta fasa yuriya ba, tana motsi. Na ɗiga wani ruwan gwaji mai suna Kovacs, jan zobe ya taso a sama. Escherichia coli ce, ƙwayar da ke zaune a hanjin kowannenmu lafiya lau, sai in ta ɓata hanya ta hau mafitsara, kuma ita ce kan gaba wajen kawo ciwon fitsari a ko'ina a duniya.

Na juya farantan magani a kan baƙin allo, na ɗauki ma'auni. Inda magani ya yi tasiri, za ka ga fili tas kewaye da faifan, ƙwaya ba ta tsiro ba. Inda bai yi ba, ƙwayar na zuwa har ta manne da takardar. Na Baba, a amoksisilin ta manne. A Bactrim ta manne. A sifrofuloksasin ta manne. Duk abin da ɗansa ya zazzago daga aljihu, ga shi nan a faranti ƙwayar ta haye kansa. Na duba seftiriyakzon da ake yi masa allura, filin ɗan ƙanƙane ne. A farantin da na jera biyar ɗin nan kuwa, filayen sefotaksim da sefefim sun miƙe sun kumburo wajen faifan tsakiya. Na kira Hajiya, ta ɗaga farantin sama ta duba da kyau, ta ce, “BLSE ce. Rubuta, ka kai da ƙafarka.”

Ma'anarsa ƙwayar na fitar da wani sinadari da ke sare dangin penisilin da yawancin dangin seftiriyakzon kafin su taɓa ta. Kilabulanik na toshe wannan sinadari, shi ya sa a gefen da ya ratsa maganin ya farfaɗo filin ya faɗaɗa. An fara ba da labarin irin wannan a Jamus a 1983, yau kuwa a rajistarmu ba baƙuwa ba ce, har a mutanen da ba su taɓa kwana asibiti ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne umarnin yin sinadarin na kan wani ɗan zobe na gado da ƙwayoyi ke miƙa wa juna, har tsakanin iri da iri, kuma sau da yawa zoben nan na ɗauke da kariya daga wasu magungunan ma. Mutane kan ce jikinsu ne ya saba da magani. Ba jiki ba ne, ƙwayar ce, kuma tana bin hannu da ruwa da abinci ta koma jikin wanda bai taɓa shan kapso ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyi jure masa. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina.

Karanta filayen ba wai a zaɓi wanda ya fi faɗi ba ne. Kowane magani da iyakarsa a jadawali, domin ba gudu ɗaya suke yi a cikin abincin ba. Sifrofuloksasin sai filinsa ya kai milimita 25 ake cewa yana aiki, ƙasa da 22 ba ya yi, alhali nitirofurantoyin milimita 11 sun ishe shi. Kuma kafin mu amince da awonmu, mukan gwada faya-fayan a kan wata E. coli ta musamman mai lamba ATCC 25922, wadda duk duniya an san faɗin filin da ya kamata ta bayar. In ta kauce, laifin na kayanmu ne, sakamako ba ya fita sai an gyara. Wani lokaci faifan wani magani kan ƙare mana, a jira shi daga Yamai, kusan kilomita 900, mu bar gurbinsa babu komai a takarda. Gara haka da a cika da zato.

Uku suka rage wa Baba: nitirofurantoyin, amikasin da imipenem. Na kai wa likita takardar, ya ce da ma zazzaɓin bai sauka ba, yana ta tunanin dalili. Ɗan na tsaye, ya ji an ce akwai na haɗiya a ciki, ya ce, “Likita, a ba mu na sha mana, ya fi sauƙi.” Likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Nitirofurantoyin a cikin mafitsara kawai yake taruwa, ba ya isa naman ƙoda ko furostat yadda zai warkar, kuma ciwon Baba ya riga ya hau sama. Imipenem na da tsada ƙwarai, kuma shi ne na ƙarshe da ake tanadi, ba a taɓa shi in akwai wata hanya. Saura amikasin, allura sau ɗaya a rana, amma tana iya taɓa ƙoda da ji, saboda haka sai an auna ƙarfin ƙodar tsohon tukuna. Takardarmu na faɗin abin da ya faru a faranti ne, likita ne ke haɗa shi da shekarun mutum da inda ciwon yake da abin da aljihunsa zai iya.

Na ɗebi jinin Baba aka auna kireyatinin, wato ma'aunin ƙarfin ƙoda, ya fito daidai gwargwado, aka lissafa allurar da nauyinsa aka fara a ranar, aka kuma sa masa robar fitsari don mafitsarar ta riƙa zubewa, tunda fitsarin da ke kwanciya shi ke ba ƙwayar wurin zama. Zazzaɓin ya sauka a kwanakin da suka biyo baya, likita ya tura shi wurin masu duba furostat. Ni kuma na shigar da sunan ƙwayar da awon kowane fili a rajista, na tattara farantan da kwalaben duka na sa a tukunyar tururi a zafin 121 na rabin awa kafin a kai su wurin ƙonawa, domin abin da ke cikinsu biliyoyin ƙwaya ne da seftiriyakzon ba ya kashewa, kuma yara na tonon juji a bayan kowace katanga.